Tururin da Aka Hana Komawa Wuta

Gyara zama, Malam Jatau, na ga kana neman yanke a aikin da ba ya son yanke.

An yi wani injiniya a kamfanin sukari, shi ke kula da injin tururin da ke juya dukan injinan matse rake. Ga yadda abin yake. Ana tafasa ruwa a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, tururi ya fito da ƙarfin tsiya ya bugi fuka-fukan farfela ta farko, ta juya. To, da ya yi wannan aiki sai ya huce, ya fara ɗaukar danshi. Shi ya sa maƙeran injin ba su bar shi ya zarce farfela ta biyu ba. Sun yi masa dogon bututu, ya koma cikin wuta, ya sake yin zafi ya bushe sarai, sannan ya wuce. In ya shiga da danshinsa, ɗigon ruwan da bai kai ƙwayar gero ba, a irin wannan gudu, cin ƙarfe yake yi kamar yadda gara ke cin katako.

Ana tsakiyar kakar rake sai dogon bututun nan ya tsage. Gyaransa ba wuya, amma sai an kashe wuta, an jira tukunya ta huce, an yi walda, 'yan kwanaki dai. Ga shi manoma sun riga sun sare rake, motoci sun yi layi har bakin titi, shi kuwa rake in an sare shi ba ya jiran kowa, tsami yake yi. Shugaban manoman kuma ba kowa ba ne illa surukin injiniyan, uban matarsa. Tsohon ya tako da ƙafarsa har ƙofar ɗakin inji. Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi, yana ɗago kai sai ya ga dattijo ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Ɗana, abincinmu na shekara ne a kan motocin nan. In da yadda za a yi, a yi." Yanzu fisabilillahi, wa zai ga surukinsa tsaye da furfura a waje ya ce masa a'a? Kuma da yadda za a yi ɗin, don akwai wani gajeren bututu mai kai tururi farfela ta biyu kai tsaye, da aka tanada saboda gwaji kawai. Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce to. Ya shiga ya rufe hanyar komawa wuta, ya buɗe gajeriyar.

Inji ya tashi, manoma suka yi ta sa masa albarka, har da masu aika zabi gidansa. Shi kuwa injiniya tun daga ranar hankalinsa bai sake kwanciya ba. Da jahili ne da ya sha barcinsa, amma ya san abin da ke gudana a bayan murfin ƙarfen da ya rufe farfela ta biyu, kuma tsoro ya kama shi ƙwarai. In ya kara kunne sai ya ji wani siririn sauti, kamar ana watsa yashi a kan kwanon rufi. Kullum sai ya ce gobe zai kashe wuta. Gobe ta yi, ya leƙa taga, ya ga layin motoci, ya ga tsoho zaune a inuwa yana ɗaga masa hannu, sai ya fasa. A gida ya riƙa barin tuwonsa a kwano. Matarsa ta tambaye shi ko lafiya, ya ce ɗan zazzaɓi ne. Ya shiga ƙirƙiro aike na babu gaira babu dalili don ya kori ma'aikata daga ɗakin, saboda fiffike ɗaya ya kai tsawon hannun mutum, in ya ɓalle kuwa ba ruwansa da wanda ke tsaye a gabansa. Daga baya daɓe ya fara rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, har kofin shayinsa ya riƙa tafiya a kan tebur shi kaɗai. Ya bi kofin da ido, gumi na bin bayansa, ya ce a ransa mota goma kawai za a ƙara.

Ran nan da hantsi sautin ya sauya, ya koma gurnani. Ya zabura zai rufe tururi, ina, bai kai ba. Aka ji ƙara kamar faɗuwar aradu. Fiffike ɗaya ya ɓalle, ya kwashe 'yan'uwansa, ya fasa murfi, ya huda rufin ɗaki ya fice. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Ya rarrafo waje cikin farin tururi ya tarar da manoma sun yi cirko-cirko, kamfani ya yi tsit. Tsohon ya matso ya shafa shi, ya ga ba rauni, ya yi hamdala, sannan a hankali ya tambaye shi kwana nawa gyaran zai ci. Injiniya ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Baba, ba a ƙera irin wannan farfela a ƙasar nan. Sai baɗi." Dattijo ya juya ya dubi motocin, tun daga bakin ƙofa har inda ido ya ƙare, ga kuma sauran rake a gonaki da ba inda za a kai shi. Da an kashe wuta tun farko, na motocin gaba kaɗai za a rasa.

Ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce, hanyar lafiya a bi ta da shekara.