Birkin Akori-kurar Dogo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na wurinka.

Akwai wani tsoho mai lambu a kan tudu, ana kiransa Dogo. Yana da wata akori-kura da ta girmi dukan 'ya'yansa. Kullum da safe motar kan sauko daga tudu da kayan lambu, ta kai bakin babban titi inda wata babbar mota ke kwashewa. Hanyar gangare ce mai kwana, a ƙasanta kuma akwai gada.

Wata safiya birki ya yi ƙara kamar ana wasa wuƙa, motar ba ta tsaya ba sai da tayarta ta leƙa bakin gada. Dogo ya sa aka jawo ta gida, ya aika a kira bakanikensa.

Bakanike ya ɗora ta a kan jak, ya kwance taya, ya ce fatar birki ta cinye har ƙarfe na cin ƙarfe. Da ya leƙa ciki ya ga matashi a kan kujerar direba, an kuma ɗaure wani guntun katako a kan abin taka birki. Ya tambayi amfaninsu. Dogo ya ce birki aka kira shi gyarawa, ba kujera ba.

"Ni dai abin da ke ɗaure mini kai, Baba," in ji bakanike, "da can kowane wata sai na buga maka hancin motar nan. Tun da idonka ya yi rauni ko ƙwarzane ban ƙara gani ba."

Inna, matar Dogo, tana tsintar kwanduna a gefe. Ta yi ɗan tari, ta ci gaba da aikinta.

Labari ya kai kunnen babban ɗansu da ke aiki a birni. Ya bugo waya yana faɗa. Ya ce mutumin da ba ya bambanta akuya da jarka ba shi da hurumin tuƙi, kuma ƙarshen mako zai zo da mai sayen tsohon ƙarfe a yanka motar a huta. Dogo ya ce wanda ya sayi motar ne zai ce a yanka ta, shi kuwa bai tuna ranar da ɗan ya saya ba. Ya kashe waya.

Washegari ya naɗe tsohuwar fatar birkin a tsumma, Inna ta riƙe masa hannu, suka shiga bas sai layin masu kayan gyaran mota. Shago na farko aka ce babu. Na biyu aka ce an daina ƙera irinta tun tuni. A na uku mai shagon abokin ɗansa ne na makaranta, ya yi ta sosa ƙeya, har dai ya faɗi gaskiya: ɗan ne ya bugo musu waya duka, ya roƙe su kada kowa ya sayar wa Dogo ko da kusa ɗaya.

Dogo ya yi dariya. Ya ce shi ya koya wa yaron nan taurin kai, amma bai koya masa duka ba.

Suka wuce bayan kasuwa, wurin masu yanka motoci. Nan aka fito masa da ta kwance, ya shafa ta da yatsa ya ce ta kusa bin 'yar'uwarta. Wani ya kawo sabuwa cikin kwali mai ƙyalli. Ya ɗaga ta, ya ji ba nauyi, ya ce jabu ce. Bakanike da ya biyo su ya ce a yi maneji mana, ai shekaru Baba ya yi yana tafiya da birkin da sai an taka sau uku an haɗa da addu'a.

"Wancan lokacin daban," in ji Dogo. "Yanzu ko mai kyau, ko mu kwana a nan."

Sai da rana ta yi sanyi wani tsohon mai shago, wanda ba shi da waya balle a bugo masa, ya hau tsani ya sauko da wani kwali da ƙura ta rufe. Dogo ya haɗa sabuwa da tsohuwa, ya bi gefensu da yatsa. Suka zauna daidai kamar tafi biyu.

Ranar da ɗan ya iso da mai sayen ƙarfe, ya tarar da motar a kan tayoyinta huɗu, an cika bayanta da kwanduna. Ya tsaya a tsakiyar ƙofar gida ya buɗe hannuwa. Ya ce yau sai dai a bi ta kansa, ba zai bari ubansa ya kashe kansa a gadar nan ba. Ya miƙa hannu a ba shi makulli.

Dogo ya ce makulli ba ya wurinsa. Ya lalubi jikin motar, ya zagaya, ya buɗe ƙofar fasinja, ya zauna ya miƙe dogayen ƙafafunsa.

Inna ta kwance makulli daga bakin zanenta, ta hau, ta gyara matashi, ta ɗora 'yar ƙafarta a kan katako, ta ce, "Kauce mini, ɗan nan, shekara biyu ke nan ina sauka gangaren nan da ubanka, ban taɓa makara ba."

Ƙurunƙus, nan labarina ya ja birki.