Jar Ranar Tonka

Tonka ta durƙusa a kan tsakuwa ta ƙwalla ihun da ya tashi tsuntsayen gaɓa gaba ɗaya. A tafin hannunta ga wani ɓallin kwalba, bai fi ƙwayar wake ba, teku ta goge shi ya yi sumul. Kuma ja ne. Ja wur!

Shekara ashirin tana tsintar fasassun kwalaben da ruwa ya wanke a bakin tsibirinmu, tana manna su a kan gilashin taga su zama hoto. Kore da fari da ruwan ƙasa, ko kwando kake so za ka cika. Amma ja, sai dai ka ji labari. Ga shi tun kaka ta fara babban aikinta na gasar bikin masunta: hoton gaɓarmu da yamma, da duwatsu da jirage, komai ya zauna daram, sai wani rami a tsakiya inda rana za ta faɗi. Dokar gasar ɗaya ce: abin da ba daga teku ka tsinta ba, ba ya shiga. A gaban Fada, limamin coci, ake rantsuwa.

Maƙwabciyarta Perina, wadda ta ci gasar sau tara a jere da jiragenta na ƙwanson katantanwa, kullum sai ta leƙo ta katanga. "Ƙawata, wannan ramin fa? Na shan iska ne?" Tonka ta sha kuka a ɓoye saboda wannan magana.

Yau kuwa da gudu ta shiga gida, takalmi ɗaya a ƙafa. "Tsoho, tashi ka ga abin da teku ta ba ni!"

Mijinta Frane ya buɗe ido ɗaya. "Wata sharar ce kuma? Gidan nan saura kaɗan ya zama juji."

Haka yake. Shekara arba'in da ɗaya da aure, bai taɓa yaba aikinta ba. Abin da ya sani a duniya shi ne fitilu biyu na tagulla masu gilashi da ke jikin kwale-kwalensa, gadon ubansa, waɗanda ko ita ba ta isa ta taɓa ba. Tun shigowar sanyi kuma ya ce bayansa ya riƙe, ya lulluɓe kwale-kwalen da tamfol ya daina fita kamun kifi. Abin da ya rage masa sai wani buhu da ya ɗaure a gindin dutse, inda igiyar ruwa ke duka dare da rana. Wai tarkon ƙaguwa ne. Ko ƙafar ƙaguwa ba a taɓa gani a tukunyar gidan ba. Sai kuma yawon asuba a bakin ruwa, wai likita ne ya sa shi.

Washegari Tonka ta tsinci biyu. Ranar Laraba huɗu, har da wani mai layi-layi, girmansa kamar babban yatsa. Kai, matar nan ta zare! Ta zuba gishiri a kofi, ta ƙona wake sau biyu, ta rungumi mai kawo wasiƙu a tsakiyar titi. Duk wanda ta tare sai ya ji labarin gimbiyar da jirginta ya nutse da jan kofinta, labarin da ita ta ƙirƙira kuma ta fi kowa yarda da shi.

Perina ta kasa haƙuri. Ta je wurin da rana, ba ta ga komai ba. Ta yi sammako don ta riga Tonka, sai ta yi kiciɓis da Frane dafe da ƙugu. Ya tsare ta da labarin ciwon bayansa, ƙashi bayan ƙashi, har ta gudu ba sallama. Sau uku ana haka ta haƙura.

Kwana biyu kafin biki ramin ya cike, ba ragi ba ƙari. Daga ranar kuma teku ba ta sake ba da ko ɗaya ba.

Ranar biki aka jingina hoton a ƙofar coci. Fada Lovre ya gyara tabarau. "Tonka, duka daga teku?"

"Da hannuna na tsince su a bakin ruwa, Fada. Na rantse."

Tari ya sarƙe Frane a bayan taro, har sai da aka bubbuga masa baya. Daidai lokacin hasken yamma ya ratsa gilashin, jar ranar Tonka ta kama kamar garwashi, ta zuba ja a kan farar rigar Fada. Wuri ya kaure da tafi. Perina ma ta tafa, da yatsu biyu.

Tonka ta ɗora kambun furen da aka ba ta a ka, tana dariya tana hawaye. "Ka gani, tsoho? Teku ta fi ka sona! Tashi ka kai ni tsakiyarta in jefa mata furen nan, in yi godiya."

"Ke, bayana..."

"Bayanka ya jira gobe!"

Ta kwasa a guje zuwa inda ake ɗaure jirage, shi kuma ya biyo ta yana kiran sunanta, da wani irin gudu da mai ciwon baya bai isa ya yi ba. Bai cim mata ba. Ta kama bakin tamfol ta fizge.

Fitilar dama tana nan, koriya shar, tana sheƙi. Ta hagu kuwa, wadda a kowane jirgi ja ce, tagulla ce kawai tsirara, babu gilashinta, sai wani ɗan ɓalli mai layi-layi da ya maƙale a bakinta, ja wur, da kaifinsa, don shi kaɗai ne bai yi sanyin bana a cikin buhun ƙaguwa igiyar ruwa na goge shi ba.