Yatsu Uku

Chizuru ta shafa alli a hannu, ta tsaya a bakin layin gudu. Shekara shida rabonta da gasar alkafura, tun ranar da ƙawarta Natsue ta taka katakon tsalle ta faɗo, ƙashin bayanta ya karye.

Kowa ya ɗauka tausayi ne ya sa ta bar wasa. Ba wanda ya san ita ta auna wa Natsue katakon ran nan, ta ja shi baya da yatsu uku, don gurbi ɗaya ne ya rage a tawagar ƙasa. Har yau ƙarar faɗuwar nan na kunnenta.

"Yaya, sannu da dawowa."

Natsue ce a keken guragu, sanye da rigar ma'aikatan gasa, tef ɗin awo a cinyarta. Chizuru ta juyo ta dube ta.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi. Kar ki damu da katako, ni na auna miki." Ta yi murmushi, ta ɗaga yatsu uku. "Yadda kika koya mini."

Fitilar alƙalai ta koma kore. Zauren gasar na birnin Osaka ya yi tsit, ana jiran Chizuru ta rugo.