Goran Iri

Da igwa ta fasa jirgin ruwansu, wani manomi ɗan garin Ƙarfi bai nemi bindigarsa ba, goransa ya runguma.

Shekara uku ke nan da aka ɗauko shi daga gona zuwa Yaƙin Dauloli Tara. Ranar tafiya mahaifiyarsa ta zuba masa irin dawa a babban gora, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da kakin zuma. Kullum shugaban matuƙa sai ya tsokane shi: "Baƙauye, a teku za ka yi shuka?"

Yau jirage ɗari uku suka gwabza a Mashigin Azurfa. Kafin la'asar nasu ya nutse, amma goran ya ƙi bin sa. Manomin ya miƙa hannu ya jawo shugaban, suka maƙale wa goran tare har ruwa ya watso su wani tsibiri.

Manomin ya ɓare kakin, ya tarar ko ɗigo bai taɓa irin ba. Ya damƙi ƙasar wurin ya sansana.

"Maigida, ga gonar da kake tambaya," in ji shi. "Ni zan yi sara, kai ka biyo ni da iri."