Jirgin da Ba Ya Jira

Doña Casilda tana kankare kifi a tsakar gida ta ji marin farko. Na biyu ya zo da ƙarar faɗuwar kujera. Kafin ta hau bene, Wilmer ya riga ya danne matarsa Yarledis a jikin bango, bakin bindigarsa ta aikin gadi a ƙarƙashin haɓarta. Yarinyar ba ta kare fuska ba, cikinta ta rufe da hannu biyu.

"Sauka, tsohuwa," in ji shi. "Tsakanin miji da mata ne."

Ta sauka. Wuƙar kifi ce a hannunta, shi kuwa bindiga. Sai da ya tafi aiki ta hau da ruwan zafi da gishiri, ta tsinci haƙorin yarinyar a ƙarƙashin gado. Ciki na biyu ke nan. Na farkon a kan matakalar gidan ya zube. An taɓa kai ƙara, amma 'yan sandan unguwar abokan shan giyarsa ne.

Mako bai zagayo ba ta sayar da firizarta a kasuwar Bazurto, ta shiga ofishin masu sayar da tikitin jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Ma'aikaciyar ta baza mata takardu masu hotuna. Ta ture su gefe. Ba ta karatu, kuma ba ta taɓa sayen abu don hotonsa ba.

"Faɗa mini da baki, 'yar nan."

Jirage uku ke tashi daga Cartagena a watan. Farin ya fi tsada, tsofaffin Turawa ne a ciki, da kwat ake cin abinci, shiru kamar ɗakin jinya. Shuɗin na masu iyali ne, wuraren ninkaya har bisa rufi, ihun yara ko'ina, tsibiran Aruba da Curaçao yake zuwa. Jan kuwa ya tsufa, ɗakunansa kamar akurki, amma shi ne mai araha. Giya kyauta daga safe, kiɗa ba tsayawa, kuma yana yada zango a Colón ta ƙasar Panama.

"Ana shiga da makami?"

"Haba, Doña! Ko wuƙar yanka lemo a ƙofa ake karɓewa."

"In mutum ya sauka gari ya makara fa?"

"In motar kamfani ya bi, za a jira shi. In tasin waje ya ɗauka, jan nan ba ya jiran ko shugaban ƙasa."

"Ba ni mutum uku a jan."

Da ta nuna masa tikitin, Wilmer ya yi dariya har da buga cinya. "Tsohuwa ta fasa asusu! Mutuwa kika hango ne?" Amma abin kyauta bai taɓa wuce shi ba. Ya kulle bindigar a kabad yana gunaguni, ya ɗauki jaka.

A jirgi ya sha, ya yi rawa, ya ƙara sha. Da Yarledis ta yi wa mai kawo abinci godiya, sai ya murɗe mata wuyan hannu a ƙarƙashin tebur har ta ciji leɓe. Doña Casilda ta gani. Ta ci gaba da cin shinkafarta, ta ce kifin ya kwana a ƙanƙara.

Da suka isa Colón ta hana Yarledis sauka, wai ƙafafunta sun kumbura. Ta raka Wilmer har bakin ƙofar tasha, inda motar kamfani ke lodi.

"Bi wannan, ko da tsada," in ji ta.

"In biya kuɗin Turawa? Kanki ɗaya kuwa?"

Ba ta ja ba. Ta san shi, bai taɓa biyan cikakken kuɗin komai ba. Ta ce gwiwoyinta sun gaji, ta koma jirgi. Shi kuwa ya fita wajen shinge, wata tasi ta tare shi da rabin kuɗi. Mutum biyu ne a gaba. Bai taɓa ganinsu ba, domin Eliécer da Dairo, yayyen Yarledis, sun ƙetara zuwa Panama tun kafin a ɗaura aurensa.

Bayan wasu kwantenoni suka tsaya. Dairo ya shaƙe shi ta baya, ya kifa shi a kan bonet mai zafi, ya shimfiɗa masa hannun dama. Eliécer ya fito da ƙarfen kwance taya.

"Da wannan kake marinta, suruki?"

Ƙarar ta fito kamar ana karya kara. Yatsa bayan yatsa, sannan bayan hannun, sannan wuyan hannun. Wilmer ya yi ihu, ya saki fitsari, ya roƙe su da sunan kowane waliyyi. Suka koma kan na hagu. Da Eliécer ya ɗaga ƙarfen ya nufi kai, Dairo ya riƙe shi.

"Doña ta ce hannuwa kawai. Duka biyun, kuma a ajiye shi a ƙofar asibiti."

Rana ta yi sanyi, jirgi ya busa ƙaho. Wani jami'i ya sami matan biyu a ɗakinsu. Asibiti sun kira, in ji shi, an kawo fasinjansu, likita ya ce da wuya ya sake riƙe ko cokali. Jirgi ba zai jira ba, amma in akwai ɗan'uwan da zai sauka ya yi jinya, za a sauke masa kaya yanzu, kafin a janye tsani.

Yarledis ta miƙe. Doña Casilda ta dafa kafaɗarta, ta mayar da ita zaune.

"Babu mai sauka."

"Na gane, Doña," in ji jami'in. "Ke ce mahaifiyar matar?"

"A'a. Shi na haifa. Ku janye tsanin."