Bokitin Ikrima

Bokiti ɗaya, tsintsiya biyu, omo, takardar bayi. Su na rungumo a adaidaita sahu daga Kasuwar Sabon Gari zuwa Fagge. Ɗana Ikrima yana gefena, ya ƙi kallona.

Dokar makarantarsu ce kowane yaro ya kai waɗannan kaya a farkon zango, kuma sai a shagon da makaranta ta zaɓa ake saye. Na saya, na ba shi ya kai. Jiya aka koro shi, wai bai kawo ba. Ya rantse hannu da hannu ya miƙa wa hedimasta. Na mare shi, na ce ƙarya yake. Yau na koma shagon na sake saye.

"Hajiya, kin kyauta," in ji hedimasta a ofishinsa. "Ku da kuka yi karatu a waje ba kwa tsawata wa yaro, shi ya sa."

"Bari in sa wa bokitin suna, Malam."

Na ciro jan farce daga jaka, na kifa bokitin a kan teburinsa. Sunan yana nan a gindin, da rubutuna na wancan makon: IKRIMA GONI, AJI UKU.

"Hajiya, zauna mu yi magana."

"Umma, ai na gaya miki," in ji Ikrima.

Mari ba ya janyuwa. Na ɗauki bokitin, muka fita, na ja ƙofar na rufe.

Na ce wa Ikrima, "Ka gama da makarantar nan. Bokitin kuma taron iyaye zan kai shi."