Baƙon Wardin Inna Delu

Tun da ƙudan zuma suka ƙare, na ƙarfe hukuma ke saki kowace safiya, kuma ba sa sauka sai kan fure mai rajista. Wardin da Inna Delu ta yi wa aure da hannunta, ko kallo bai ishe su ba.

"Inna, ki tumɓuke shi mana," in ji maƙwabciyarta Tasalla. "Sai ƙamshi, ba lamba."

Tasalla ta kai hannu kan furen, sai ta ƙwalla ƙara.

"Wayyo, ya harbe ni! Na'urar ta lalace!"

Inna Delu ta kama yatsan ta zare ƙarin, ta duba shi da kyau.

"Ba na'ura ba ce, 'yar nan. Rufe mana ƙofa, kar a ji. Mai rai ne, kuma duk garin nan gidana ya zaɓa."